Jar Fitila a Bakin Rami: Muhawara Kan Wasan The Signalman na 1976

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya bayan isha'i na sake kallon wani tsohon wasan talabijin na BBC mai suna The Signalman, har na kwanta abin bai sake ni ba. Minti 38 ne kacal. An fara nuna shi ranar 22 ga Disamba 1976, cikin jerin labaran fatalwa da tashar ta riƙa sakawa duk lokacin Kirsimeti tun daga 1971. Biyar na farko duk daga labaran M. R. James aka ɗauko su. A wannan karon ne suka fara juyawa ga wani marubuci, suka ɗauko gajeren labarin da Charles Dickens ya buga a 1866. Andrew Davies ne ya mayar da shi wasa, Lawrence Gordon Clark ya ba da umarni, Denholm Elliott ya fito a mai sigina, wato ma'aikacin reluwe da ke ba jiragen ƙasa alamar wucewa ko tsayawa.

Ga wanda bai gani ba, ya yi haƙuri, zan fasa ƙwan. Wani matafiyi ne ya tsaya a saman wani kwari mai zurfi da aka sare wa layin dogo, ya hango mutum can ƙasa kusa da bakin ramin da jirgi ke shiga, ya ƙwala masa kira. Maimakon mutumin ya ɗaga kai sama inda muryar ta fito, sai ya juya ya dubi jar fitilar da ke bakin ramin. Da suka saba, sai ya faɗa wa baƙon abin da ke cin sa. Akwai wani abu mai siffar mutum da ke fito masa a gindin fitilar nan, hannu ɗaya ya rufe fuska, ɗayan yana kaɗawa da ƙarfi. Fitowar farko, bayan awa shida aka yi mummunan hatsari a layin. Fitowa ta biyu, a ranar wata budurwa ta mutu. Yanzu kuma ga shi ya dawo, mako guda ke nan yana zuwa yana komawa, shi kuwa bai san me zai faru ba, bai san ina ba, bai san yaushe ba. A ƙarshe shi jirgin ya kaɗe, kuma kalmomin da direban jirgin ya yi ta ƙwala masa, da yadda ya rufe fuska yana kaɗa hannu, su ne dai waɗanda ya daɗe yana ji yana gani.

Abin da na kawo zaure shi ne wannan. Kowa na kiran sa labarin fatalwa, ni kuwa fatalwar ba ta tsorata ni. Wurin da ke tsinka min zuciya shi ne inda mutumin yake cewa, in ya buga waya tashar gaba da ta baya ya ce akwai hatsari, za a tambaye shi wane hatsari, a ina, shi kuma ba shi da amsa, sai a ce ya taɓu a kore shi. An ɗora masa rayukan jama'a, an nuna masa alama, amma ba a ba shi ikon tsayar da ko tarago ɗaya ba. Me kuka gani?

Nafi'u:
Wa alaikumus salam Malam. Na kalla bayan ka turo maganar a makon jiya. Gaskiya minti goman farko da ƙyar na daure. Mutum biyu a ɗaki, wuta na ci a murhu, sai magana sai shiru. Amma tambayata ɗaya ce: me ya hana shi ajiye aikin? Ko ya nemi a canza masa tasha? Ai ba ɗaure shi aka yi ba.

Baba Iro:
Nafi'u ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban kalli wasan ba tukuna, amma ka taɓo inda nake da abin cewa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, a kwatas ɗin reluwe na Zariya aka haife ni. Mutumin da ya shekara ashirin yana riƙe da tuta da fitila ba ya tashi rana ɗaya ya ce ya bari. Gidan da yake ciki na aikin ne, abincin yaransa na aikin ne, sunan da ake kiran sa da shi a gari ma na aikin ne. Sannan akwai abin da ya fi wannan. In har ya yarda akwai hatsari tafe a wannan layin, ya tafi ya bar wa wa? Wanda za a kawo a madadinsa bai ga komai ba, bai san komai ba. Mai tsoron Allah ba zai iya barci ba in ya yi haka.

Nafi'u:
Haka ne Baba, ban duba ta nan ba. Allah ya jiƙan magabata.

Ustaz Mukhtar:
Salamu alaikum. Bari in sa baki tun kafin magana ta yi nisa. Ni ma na kalla, kuma ban ce kallonsa laifi ba ne, ƙagaggen labari ne na mutanen da ke da nasu tunanin. Sai dai kalmar fatalwa da muke ta maimaitawa ya kamata mu san inda muka ajiye ta. Wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa ya tsaya a bakin rami. Aljani kuma bai san gaibu ba. Hujja na nan a Suratu Saba'i: Annabi Sulaiman, alaihis salam, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suka ci gaba da wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Wanda bai san mutuwar da ke gabansa ba, ina zai san hatsarin jirgin da bai auku ba?

To amma ga abin da na lura da shi, kuma nan ne zan saɓa wa Malam Habibu. Kai ka ɗauki abin nan a matsayin mai gargaɗi da aka aiko wa wanda ba shi da iko. Ni ban ga gargaɗi ba. Gargaɗin da bai ceci rai ko ɗaya ba, bai faɗi wuri ba, bai faɗi lokaci ba, abin da ya haifar kawai shi ne hana bawan Allah barci da jefa shi cikin zulumi, wannan sunansa waswasi. Kuma ku duba da kyau, me ya kai shi tsakiyar layi ranar da ya mutu? Mutumin da aka shaida ba wanda ya fi shi sanin aikinsa a duk layin. Abin nan ne ya ja shi. Ba sanar da shi mutuwarsa ya yi ba, shi ne sanadinta.

Malam Habibu:
Allah ya gafarta Malam, wannan karatu ne mai nauyi, kuma ban taɓa jin wanda ya karanta labarin ta wannan fuskar ba. Na yarda Dickens bai taɓa cewa ruhin wane ne ba, bai ce matacce ba ne ma. Amma ka ga hatsari na farko da mutuwar budurwar ba shi ya jawo su ba, sun faru ne ba da hannunsa a ciki ba. Ya za ka yi da waɗannan biyun?

Ustaz Mukhtar:
Daga bakin wa muka ji su? Daga bakinsa shi kaɗai, bayan abin ya riga ya faru. Mutum in ya ga gawarwaki ana fito da su ta gabansa, zuciyarsa na iya komawa baya ta ɗinka masa abin da bai faru a jere ba. Ban ce ƙarya yake yi ba. Na ce shaida ɗaya ne, kuma mai rauni a zuciya.

Anti Rabi:
Ku gafarce ni, tun safe nake karanta ku ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Ustaz, maganarka ta aƙida ba ni da ja a kanta. Amma batun cewa gargaɗin da ba shi da wuri ba shi da lokaci waswasi ne kawai, nan ina da ja, don na shekara goma sha tara ina aikin jinya, rabinsu a dutin dare.

Akwai daren da ba zan manta ba. Wata baiwar Allah ce aka yi wa aiki, kwana biyu da fitowa daga tiyata. Na auna jininta lafiya, zafin jiki lafiya, numfashi lafiya. Amma duk sanda na wuce gadonta sai gabana ya faɗi. Wani abu ne a yadda take kwance, a launin leɓenta, a yadda ta daina ƙorafin ciwo, abin da ba shi da gurbi a takardar da muke cikewa. Ƙarfe biyu na dare na kira likitan da ke kan kira. Ya ce me kika gani? Na ce ban sani ba, amma ba ta yi min daidai ba. Ya ce in karanto masa awon, na karanto. Ya ce to me kike so in zo in yi? Wallahi har yau ina jin nauyin shirun da na yi a wayar nan. Kafin asuba jininta ya faɗi, ashe zubar jini take yi ta ciki. An koma da ita tiyata, Allah ya yi da sauran kwananta a gaba.

Ba aljani ne ya gaya min ba, ba kuma gaibu na sani ba. Ido ne da ya daɗe yana kallon abu ɗaya har ya fara gane canji kafin baki ya samo masa suna. Da na ga Denholm Elliott yana murza hannuwansa yana kwaikwayon yadda za a amsa masa a waya, tsayar da wasan na yi na tashi na sha ruwa. Na san wannan wurin. Ƙaramin ma'aikaci shi ne ya fi kowa kusa da abin, shi ne kuma wanda maganarsa ba ta da nauyi sai ya kawo lamba.

Malam Habibu:
Anti, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Allah ya saka da alheri.

Ustaz Mukhtar:
Hajiya, Allah ya ba ki ladan wannan daren. Abin da kika kwatanta firasa ce da gogewa, ba na musun ta. Bambancin shi ne ke da abin ya zo miki, wajen majinyaciyar kika nufa, kika kira wanda zai iya taimako. Shi kuwa nasa abin janye shi ya riƙa yi daga ɗakin aikinsa zuwa bakin rami.

Anti Rabi:
Don ni ina da wanda zan kira, ko da zai yi min faɗa. Shi wa gare shi? Bango biyu masu tsatsafar ruwa da ƙararrawa.

Zulai:
Ni ta ɓangaren aikin fim zan shigo, don shi nake koya. Yaya Nafi'u ya ce farkon na da sanyi. Wannan sanyin da gangan aka yi shi. Ba a situdiyo aka ɗauki wasan ba, fita aka yi da kyamarar fim mai milimita 16 zuwa layin Severn Valley, wani tsohon layi da masu sha'awar jiragen hayaƙi ke kula da shi a Ingila. A kwarin da ke kusa da ramin Bewdley suka kafa ɗakin sigina na wucin gadi, cikin ɗakin kuma a ainihin ɗakin sigina na Highley aka ɗauka. Shi ya sa hayaƙin na gaske ne, danshin na gaske ne, ƙarafan da yake ja na gaske ne. Kuma ku lura da sauti. A labarin, ƙararrawar na yi masa wata irin rawa da baƙon ba ya ji, mu ma masu karatu ba mu ji, sai dai a gaya mana. A wasan kuwa an sa mu mun ji wannan amon da kunnenmu, baƙon na zaune bai san ana yi ba. Daga wannan lokacin an raba mu da baƙon an haɗa mu da mai sigina. Duk hujjar hankali da baƙon zai kawo, cewa iska ce ke kaɗa wayoyin tangarahu, cewa ido ne ke yaudara, mu mun riga mun ji abin da bai ji ba.

Malam Habibu:
Zulai, a nan ne kuma nake da ƙorafi a kan wasan, duk da son da nake masa. A rubutun Dickens mutumin ya faɗa a fili cewa bai taɓa ganin fuskar abin ba, kullum a rufe take. Wasan ya buɗe ta: farar fuska, baki a wangame kamar bakin ramin. Na san hoton na kama mutum, amma a wurina an rage wa labarin ƙarfi. Abin da ba ka ga fuskarsa ba zai iya zama kowa, har da kai kanka. Da an buɗe, ya zama dodo kawai.

Sannan budurwar. Dickens cewa ya yi wata kyakkyawar budurwa ta mutu farat ɗaya a cikin tarago, aka tsayar da jirgi aka shigo da gawarta ɗakin sigina aka shimfiɗe a ƙasa, a daidai inda su biyun suke zaune suna hira. A wasan an mayar da ita amarya cikin fararen kaya, ta faɗo daga jirgi. Ya fi ɗaukar ido, amma na fi jin wancan, inda yake nuna wa baƙon dandamalin da ke tsakaninsu, baƙon ya ja kujerarsa baya.

Zulai:
Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Takarda na iya cewa "ta mutu farat ɗaya" ta wuce, mai karatu ya cike sauran. Kyamara ba ta da wannan damar. In ka nuna mace zaune a tarago ta sunkuyar da kai, mai kallo zai ce barci take. Dole mutuwar ta zama abin da ido zai gani daga inda mai sigina yake tsaye, don duk wasan daga wurinsa ake kallon duniya. Farin mayafi a kan baƙin tsakuwar layi, cikin daƙiƙa biyar an gama bayani. Batun fuskar ma, ba a yi ta nanata ta ba, an ɓoye ta har sai da lokacinta ya yi. Ka kwatanta da finafinan tsoro na yanzu da tun minti na uku an watso maka jini.

Malam Habibu:
Amaryar na sallama miki rabi. Fuskar ban sallama ba.

Zulai:
To ƙarshen fa? A labarin baƙon bai ga mutuwar ba. Ya zo da yamma ne ya hango mutum a bakin rami yana rufe fuska yana kaɗa hannu, gabansa ya faɗi, ashe direban ne ke kwatanta wa jami'ai yadda abin ya faru da safe. A wasan an sa shi yana gudu zai je ya cece shi bai kai ba. Wanne ka fi so?

Malam Habibu:
Na littafin, saboda abu ɗaya. Cikin kalmomin da direban ya ce ya ƙwala, akwai waɗanda mai sigina bai taɓa furtawa ba. Baƙon ne ya raya su a zuciyarsa lokacin da ake kwaikwaya masa kaɗa hannun, bai faɗa wa kowa ba. Sai ga su a bakin direba. Ustaz, wannan ma amsa ce gare ka: shaidan ba ɗaya ba ne, mai hankalin da ya zo da hujjoji shi ma abin ya shafe shi.

Ustaz Mukhtar:
Na karɓi wannan. Marubucin ya toshe ƙofar da na so in fita ta ciki. Amma ra'ayina kan cewa abin halaka shi ya zo yi ba ceto ba, yana nan.

Sani Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu nan ba mu tashi da jirgin ƙasa ba, sai in mun shiga Kano muke ganin dogo. Tambaya gare ni: shi Dickens ɗin ina ya samo wannan tsoron? Mutum ba ya rubuta irin wannan haka kawai, ruwa ba ya tsami banza.

Malam Habibu:
Malam Sani, ka tambayi abin da ya kamata in fara da shi. Ranar 9 ga Yuni 1865 Dickens na cikin jirgin da ya taso daga Folkestone zuwa Landan, yana dawowa daga Faransa. A kusa da Staplehurst, cikin yankin Kent, ma'aikata sun cire wani sashe na dogo a kan gada suna gyara. Jirgin nan lokacinsa na canzawa kullum, don yana jiran jirgin ruwa ne, shi kuma jirgin ruwa yana bin cikar teku. Shugaban masu gyaran ya duba jadawali ya karanta ba daidai ba, ya ɗauka da sauran lokaci. Mai jar tutar da aka tura ya tare hanya kuma bai yi nisan da doka ta ce ba, don haka direba ya gan shi amma birki bai isa ba. Taragu suka rufta cikin rafi. Mutum 10 suka mutu, 40 suka ji rauni. Taragon da Dickens ke ciki ya tsaya a rataye bai faɗa ba. Ya fito ya yi ta ɗebo ruwa a hularsa yana ba waɗanda suka jikkata, wasu a gabansa suka cika. Daga baya ya koma cikin taragon ya ɗauko rubutun littafin da yake kan yi a lokacin. 'Ya'yansa sun ba da labarin yadda bayan nan tsoro kan kama shi a jirgi, ya riƙe kujera yana gumi. Shekara ɗaya da rabi bayan hatsarin ya fitar da wannan labari. Ya rasu ranar 9 ga Yuni 1870, shekara biyar cif.

Sai dai hatsarin da ya fi kama da na cikin labarin wani ne daban, na ramin Clayton kusa da Brighton, ranar Lahadi 25 ga Agusta 1861, kuma masu nazari da yawa na ganin Dickens na da shi a zuciya. Baba Iro, wannan naka ne, ka saurara. An sako jirage uku daga Brighton cikin minti bakwai, alhali ƙa'ida ita ce a bar minti biyar tsakanin kowane biyu. Na farko ya shiga rami, siginar da ya kamata ta koma alamar tsayawa da kanta ta ƙi komawa. Mai siginar bakin kudu, Henry Killick, ya ga na biyu ya taho, ya ruga ya kaɗa jar tuta daidai lokacin da kan jirgin ke shigewa, bai tabbata ko direban ya gani ba. Ashe ya gani, ya tsaya a cikin duhu, har ya fara ja da baya. Killick ya buga wa abokin aikinsa na ɗaya bakin waya yana tambaya ko rami ya zama fili. Shi kuma wancan ya ga jirgin farko ya fito, sai ya amsa da e. Killick ya ɗauka na biyun ake nufi, ya ɗaga wa na uku farar tuta. Mutum 23 suka mutu, 176 suka ji rauni. A binciken da aka yi ne aka ji cewa dutin awa 24 yake yi a ranar.

Baba Iro:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Awa ashirin da huɗu. Ka ga duk su ukun ba wanda ya yi ganganci. Mai tuta ya kaɗa tuta, direba ya bi umarnin tuta, na ɗaya bakin ya faɗi abin da idonsa ya gani. Waɗanda suka sako jirage a jere kamar tumaki, da waɗanda suka tsara wa mutum kwana da yini a tsaye, ba su ne za su riƙa ganin gawarwakin a mafarki ba.

Nafi'u:
Malam, da ka faɗi wannan tun farko da na kalle shi da wani ido. Amma ni yanzu baƙon nake zargi. Ya ga mutum a wannan hali, ya san rayuka na hannunsa, ya tafi masauki ya kwanta. Me ya sa bai kwana da shi ba?

Anti Rabi:
Ƙanena, ka taɓo wani abu. A labarin ai ya yi ta saƙe-saƙe a hanya: in ya kai rahoto ya ci amanar wanda ya buɗe masa ciki, in ya yi shiru ya bar fasinjoji a hannun mutumin da hankalinsa ba a kwance yake ba. Sai ya yanke cewa zai raka shi wurin likitan da ya fi kowa ƙwarewa a yankin. Shawara ce mai kyau, amma ta gobe ce. Na sha gani a wurin aiki, abokin aiki ya fara canzawa, kowa ya lura, kowa na cewa bari a samu lokaci a zauna da shi. Ban ɗora wa baƙon laifi ba, don ni ma na taɓa cewa bari sai gobe a kan wata ƙawata, kuma har yau abin na damuna.

Ustaz Mukhtar:
Allah ya yafe mana gaba ɗaya. A nan kam bakinmu ɗaya da Hajiya. Ko waswasi ne ko gargaɗi ne, kaɗaici ne ya ba shi wurin zama.

Zulai:
Wani abu game da Denholm Elliott da zai iya ƙara haske. A yaƙin duniya na biyu yana cikin sojan saman Birtaniya, aka harbo jirginsu a 1942, ya ƙare yaƙin a sansanin fursunoni na Jamus. Yawancin mutane a finafinan Indiana Jones suka san shi. Ban ce tsarewar ce ta koya masa wannan rawar ba, amma idanun mutumin da ke zaune a ƙuntataccen wuri yana sauraron abin da zai zo, bai yi kama da wanda ya aro su ba.

Kuma abin da ke ba ni kishi shi ne, mutum biyu, ɗaki ɗaya, ƙasa da minti 40, an yi abin da ake magana a kai bayan kusan shekara hamsin. Mu ma mun taɓa bin wannan hanyar, lokacin da NTA Kaduna ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin, su marigayi Ƙasimu Yero. Yanzu labarin da zai ƙare a zama ɗaya sai a ja shi zango biyar.

Nafi'u:
Wannan muhawarar wata rana ce Zulai, in muka shiga ba za mu fito ba yau.

Baba Iro:
Jama'a, jikana ya sa min wasan a waya bayan magariba, yanzu na gama. Turancinsu na da ne, wani wurin sai da yaron ya mayar min baya. Ba zan shiga tsakanin Malam Habibu da Ustaz ba, kowannenku ya riƙe wani gefe na gaskiya. Fuskar da kuke gardama a kai ma ban damu da ita ba.

Abin da ya sa na cire tabarau na goge ido wani ƙaramin abu ne da ba wanda ya ambata. Yana cikin magana da baƙonsa, ƙararrawa ta buga. Nan take ya yanke maganar, bai ƙarasa kalmar da ke bakinsa ba. Ya tashi ya amsa, ya ja ƙarfensa, ya ɗauki tuta ya fita ya tsaya har jirgi ya wuce, sannan ya dawo ya zauna ya ɗora daga inda ya tsaya. Duk da abin da ke cin ransa, hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Haka mahaifina yake. Ina yaro nakan kai masa tuwon dare a wurin aiki, in zauna a kan benci ina jira ya gama in koma da kwano. Wata rana yana ba ni labarin yadda kakanmu ya zo Zariya daga ƙauye, ya kai loma bakinsa ke nan, aka buga. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya goge hannu a wandonsa, ya ɗauki fitila ya fita. Ina leƙe ta taga har jirgin kaya ya gama wucewa, na ƙirga taragu talatin da wani abu. Da ya dawo miyar ta yi sanyi. Ya zauna ya ce, "To, ina muka tsaya? Yauwa, kakanka ya iso bakin kasuwa da jakinsa."

Malam Habibu, in akwai inda ake samun rubutaccen labarin, a turo wa jikana ya karanta min.

Malam Habibu:
Yanzu kuwa Baba. Shafi kaɗan ne, zama ɗaya zai karanta maka shi.